Hoton da Ya Tsaya a Goshi

Mun tashi da asuba daga Funtuwa, ni da mahaifiyata, ƙanena yana tuƙa mu zuwa filin jirgin sama na Kano. Ba mu kai Bakori ba motar ta turnuƙe da warin daddawa. Na waiwaya na dubi Umma, ita kuma ta kau da kai tana jan carbi kamar ba da ita ake ba. A gida ta tabbatar mini babu komai a jakarta sai kayan sawa da maganin ido. Da muka tsaya shan shayi a Malumfashi na buɗe jakar, sai ga ƙulli biyu manya, kowanne da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da daddawa. Ta ce ɗaya na ƙanwarta ne, ɗayan kuma na mai Ƙofar Gari.

Masu bibiyata kun san Umara muka tafi, amma akwai abin da ban faɗa muku ba. Idon Umma yana tafiya. Hawan jinin ido ya riga ya cinye na hagu, na dama kuma kullum ƙara tsukewa yake, har ta zama kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure. Da rana tana gani in abu ya matso, da magariba ta yi kuwa shi ke nan. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Tun daga ranar ta ce abu biyu take roƙon Allah ya nuna mata kafin a rufe: Ka'aba, da fuskar ƙanwarta Ladi.

Inna Ladi ta tafi aikin Hajji tun ina firamare, ba ta dawo ba. Ta zauna a Jidda, ta yi aure, tana toya waina tana sayarwa. Da farko kaset take aikowa ta hannun alhazai, a taru a tsakar gida a saurara, a yi kuka, a nemi sabon batir a sake sakawa. Shekara guda ake jira kafin a ji amsar tambaya ɗaya.

Sai zamanin kafe ya zo. Bayan na gama sakandare na samu aiki a wani shagon intanet a garinmu, kwamfutoci masu ƙaton ƙeya, janareta yana ruri a baya, ana biyan kuɗi ana zama na awa. A lokacin duk wanda ya zauna, shafi ɗaya ne yake fara buɗe masa. Ba sai na kira sunansa ba, waɗanda suka yi zamanin sun san shi. Mu a shagonmu Ƙofar Gari muke ce masa, domin ta nan kowa yake shiga. Yaran yanzu ba za su yarda ba, amma asalinsa jeri ne kawai wanda mutane suke tsarawa da hannu. In kana neman abu sai ka fara daga babban reshe, ka danna ƙasa, ka danna yanki, ka danna gari, ka danna sana'a, kana gangarawa a hankali har ka iso. Daga baya suka sa gurbin rubuta abin da kake nema. Sannan suka ƙara akwatin saƙo kyauta, suka ƙara labarai, sakamakon ƙwallo, yanayin sama, zauren hira, har shafin ya cika ya batse kamar kasuwar Litinin. Ni kuwa ina son sa a haka. A nan na fara ganin cewa duniya ta wuce Zariya.

Wata rana wani alhaji ya dawo da adireshin akwatin saƙon wani kafe da ke unguwar Ruwais a Jidda, ya ce Inna Ladi ta ce a rubuto mata ta nan. Ni nake buga wa Umma a wannan ɓangaren, mai kafen can kuma yana karanta wa Inna Ladi ya buga mata amsa. Abin da yake cin shekara ya koma cin kwana uku. Umma ba ta taɓa yarda cewa Ƙofar Gari shafi ne ba. A wurinta wani bawan Allah ne mai kirki da yake zaune a Jidda yana kai mata saƙo, kuma duk sallah sai ta sa masa albarka. Na yi bayani har na gaji, na ƙyale ta.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar hoto. Mai kafen can ya ɗauki hoton Inna Ladi ya turo. Umma ta yafa mayafi ta zo shagonmu da kanta, samari suka miƙe suka ba ta kujera. A lokacin hoto daga sama yake buɗewa, layi bayan layi, sai ka yi haƙurin mai jiran gawon shanu. Bango ya fito. Ɗankwali ya fito. Goshi ya fara fitowa, Umma ta matso da kujera tana faɗin “Ladi, Ladi.” Gab da gira aka ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi. Washegari na'urar da ke jawo mana intanet ta ƙone. Kafin mai shago ya gyara, ciniki ya riga ya karye, ya sayar da kwamfutocin ya koma sayar da katin waya. Akwatin saƙon kuwa na shago ne, kowa da shi yake amfani, da aka daina buɗewa sai Ƙofar Gari ta rufe shi kamar yadda take rufe duk akwatin da aka yi wa ƙaura. Mun ɗan ci gaba da gaisawa ta wayar wata maƙwabciyar Inna Ladi, ita ma wata rana layin ya mutu. Fiye da shekara goma ke nan shiru. Abin da Umma ta gani na ƙanwarta tun rabuwarsu goshi ne kawai.

A cikin shekarun nan Ƙofar Gari ma ta sha duniya. Wani sabon shafi ya zo, fari fat da gurbi ɗaya a tsakiya, ka rubuta kalma ya zubo maka amsa, kowa ya koma can har da ni. Wayoyi suka zo suka kwashe sauran. Ta rufe zauren hira, ta rufe majalisun da muke tafka muhawara, ta yi ta sauya iyayen gida. Kafin tafiyar nan na rubuta cikakken sunan Inna Ladi a sabon shafin ta kowace fuska, ya kawo mini matan da ban taɓa gani ba daga ƙasashe daban-daban. Sai na tuna adireshin kafen Ruwais, wanda har yau yana kaina kamar karatun allo, na aika saƙo. Ba a amsa ba, amma kuma bai dawo ba. Duk wanda ya yi aikin kafe ya san bambancin: saƙon da ya dawo, akwatin ya mutu, wanda bai dawo ba kuwa akwai mai buɗewa. Da wannan ɗan zaren muka hau jirgi.

Ba zan tsawaita kan Madina da Makka ba, don na riga na sa muku hotuna. Na tura Umma a keke muka yi ɗawafi da hantsi. Na tambaye ta ko tana gani, ta ce, “Kai ma dai, abu baƙi ƙato a tsakiyar fari ai ba ya ɓuya.” Ta yi kuka, ni ma na yi. Buri ɗaya ya cika, saura ɗaya, kuma kwana biyu kacal suka rage mana a ƙasar.

Daga Makka zuwa Jidda tafiyar kamar awa guda ce, titi shimfiɗe, babu rami ko ɗaya da zai tashi mai gyangyaɗi. Zafin Jidda daban yake da namu. Na teku ne, mai damshi, kana fita daga mota riga ta manne maka a baya. Shawarata ga mai zuwa ita ce kada ya riƙa juya riyal zuwa naira a ransa. Na sayi shayi da na'ana'a a ɗan kofin takarda, da na yi lissafin kuɗinsa a namu sai na ji sukarin ya gudu.

Muka ajiye kaya a masauki muka nufi Ruwais, tsohuwar unguwa kusa da teku. Inda aka kwatanta mini kafen yake, fili muka tarar fetal, an share gine-ginen wajen. Na tsaya a rana riƙe da waya. Daga nan na shiga aikin da na iya. Duk baƙin mutumin da na ji yana Hausa sai in tare shi, in karanto masa cikakken sunan Inna Ladi da na mahaifinta, ina duban waya. Kowa sai ya dube ni daga hula zuwa takalmi, ya ce bai sani ba, ya ƙara sauri. Sai daga baya na gane abin da nake yi. A wurin da mutane da yawa ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, baƙo mai gogaggiyar shadda da yake kiran cikakken sunan mutum ba alheri ake zato ya kawo ba. Ko uwarsu ɗaya da ita ba za su nuna mini ba.

Umma ta gaji, ta ce in zaunar da ita a bencin wani mai tsire da ke bakin hanya. Tsiren namu ne sak, har ƙuli-ƙulin, Larabawa na layi suna saya. Ta gaishe shi da aiki, ta tambayi iyali, ta tambayi zafi. Shi ya fara tambaya: “Hajiya, mutanen ina ne?” Ta ce Najeriya. Ya ce wane yanki. Ta ce ƙasar Katsina. Ya ce shi na Maraɗi ne, amma Katsinawan da ke nan yawanci sun koma unguwar Bani Malik, in mun je mu nemi wata mai turaren wuta 'yar Bakori, ita ta san na kudancin Katsina. Bai tambayi suna ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ina tsaye ina jin su sai dariya ta kama ni. Ƙasa, yanki, gari, sana'a. Tsohon tsarin Ƙofar Gari ke nan, ni da na yi shekaru ina koya wa mutane shi na manta. Kafin mu gama rana ta yi ƙasa, idon Umma ya rufe aiki, muka koma masauki.

Washegari, ranarmu ta ƙarshe, muka karya da ful da tamis, wato dafaffen wake da man zaitun da wani faffaɗan burodi mai zafi da ake cirowa daga tanderu. Mutum biyu sun ƙoshi da kwano ɗaya, kuma shi ne abu mafi araha da na ci a ƙasar. Bani Malik cunkushe take, gidaje a manne da juna, shaguna a ƙasa, kowane lungu da yarensa. Mun sha yawo kafin mu samu mai turaren, sai bayan azahar. Wannan karon na ja bakina na yi shiru, na bar manya suka yi. Ta tambayi unguwarmu a Funtuwa, ta tambayi gidan wa, ta tambayi abin da wadda ake nema take yi. Da Umma ta ce waina, matar ta tafa hannu ta ce, “Ummu Salma kuke nufi! Wa zai gane ta da Ladi a nan?” Ta ce tun da aka tashe su daga Ruwais ba ta san inda ta koma ba, amma mu je wurin Ammu Idris mai gyaran waya, wanda da yake da kafe, shi ba wanda yake ɓace masa. Umma ta daki cinyata ta ce, “To, ka ji mai Ƙofar Gari. Da kake ce mini babu shi.”

Shagon Ammu Idris bai fi ɗakin ajiye buhuna ba. Dattijo ne dogo mai farin gemu da jallabiya, Bahaushen Sudan. Kakanninsa sun taso da ƙafa za su Hajji, suka yada zango a bakin kogin Nilu, zangon ya zama gida. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, ga Larabci yana kutsowa ta ko'ina. A kusurwar shagon akwai tsohuwar kwamfuta, kuma da ya taɓa ta, abin da ya fara buɗewa Ƙofar Gari ce. Ta sauya kwalliya, ta rame, tallace-tallace sun yi mata yawa, amma na gane ta nan take, har na ji kamar na haɗu da tsohon malamina a tasha. Ya ce duk Juma'a bayan masallaci yake buɗe akwatin kafen don kada a rufe, saboda akwai gidaje da yawa a Najeriya da Nijar da Chadi waɗanda ba su da wata hanya sai wannan adireshin. Muka duba tare, sai ga saƙona a kwandon tarkace, tsakanin tallan agogo da na maganin sanƙo. Wata biyu yana kwance a wurin.

Ya juya wajen Umma ya ce, “Ya Hajja, wallahi ƙanwarki ba ta bar ni na huta ba. Duk wata sai ta aiko a tambaye ni ko an rubuto. Ina aikawa ta adireshinku saƙon yana dawowa, amma ban taɓa gaya mata ya mutu ba. Cewa nake, isbiri, yi haƙuri, ba a kawo musu wuta ba tukuna.”

Umma ta laluba jaka ta ciro ƙullinsa ta miƙa masa da hannu biyu. Ya kwance, ya kai daddawar hanci, ya daɗe bai sauke ba. Ya ce rabonsa da wannan ƙanshin tun rasuwar kakarsa. Sannan ya ja ƙofar shago ya ce, “Halas, yalla, mu tafi, tana Madain Fahd.”

Madain Fahd can kudu take, kuma an riga an yi la'asar. Na faɗa masa maganar idon Umma da magariba, ya dubi sama, ya ɗebe mu a motarsa, ya taka ta. Jidda kuwa a wannan lokacin kowa ya fito. Muka shiga cunkoso a kan wata gada, motoci sun tsaya cak, rana tana gangarawa wajen teku ina kallonta ta madubi. Jirginmu na safe ne. In duhu ya riga mu, Umma za ta ji muryar ƙanwarta, ta taɓa ta, amma abin da ya kawo ta ba zai samu ba. Ban taɓa jin haushin jan fitilar titi irin na ranar ba. Ammu Idris ya sauka daga babban titi ya bi ta lunguna, yana ba masu tafiya a ƙasa haƙuri da Larabci, yana yi wa motar faɗa da Hausa. Umma tana baya tana jan carbi, sau ɗaya kawai ta tambaya, “Da sauran rana?” Na ce da saura.

Gidan bene ne na haya, matakalar da duhu. Wata matashiya ta buɗe ƙofa, Salma ke nan, haifaffiyar Jidda. Tana jin Hausa sarai amma in za ta mayar sai harshen ya sarƙe. Ammu Idris ya yi mata magana, ta dafe ƙirji ta ce, “Khalti? Yayar Ummi?” Ta ruga ciki tana kira. Sai ga wata mata ta fito da ludayi a hannu, gajera, mai jiki, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, “Yaya?” Ludayin ya faɗi.

Suka rungume juna, amma Umma ba ta bari kukan ya yi nisa ba. Ta ce, “Ɗakin nan da duhu. Ku kai ni inda rana take.” Muka hau da su saman bene inda ake shanya, ni ina riƙe da hannu ɗaya, Salma ɗaya. Rana ta yi ja, ta kusa taɓa rufin gidaje. Umma ta juya ƙanwarta ta fuskanci hasken, ta kama kanta da hannu biyu, ta matso da idonta na dama har numfashinsu yana haɗuwa. Da yake ɗan wuri kaɗan take iya gani a lokaci guda, sai ta fara daga sama. Ta ce, “Goshin dai na san shi.” Inna Ladi ta fara dariya cikin kuka, Umma ta ce, “Tsaya mana, kada ki motsa, bai gama buɗewa ba.” Ta gangaro kan gira, ta tsaya a idanu ta daɗe. Ta sauko hanci, ta sauko baki, ta ce wushiryar tana nan. Da ta iso haɓa sai ta ce, “Haɓar Innarmu ce. Ladi, kin tsufa.” Inna Ladi ta ce, “Ke fa, Yaya, yarinya kika zama?” Ana haka aka kira magariba. Ammu Idris, wanda ya tsaya daga bakin matakala, ya share ido da hannun jallabiya ya ce mini a hankali, “Yau dai ba a ɗauke wuta ba.”

A gidan muka ci tuwo da miyar kukar Funtuwa, Salma tana ci tana hawayen yaji tana cewa akwai daɗi. Muka karɓi lambar wayarta da ta mijinta da ta Ammu Idris, har da ta maƙwabta, don ba za a sake yi mana ta farko ba. Da safe suka raka mu filin jirgi. Yadda aka rabu ba zan iya rubuta shi ba.

Mun sauka Kano lafiya, ƙanena ya ɗauko mu, ramukan hanyar Gwarzo suka yi mana barka da zuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, sabon shafi ya fi sauri, wannan ba gardama, amma wanda aka rubuta kawai ya sani. Mutanen da ba su a takardar kowa, sai ka bi ta tsohuwar hanya, daga ƙasa zuwa gari zuwa sana'a, da gaisuwa a kowane mataki. Na kuma daina yi wa Ƙofar Gari kallon tsohon yayi. Ta tsufa, an wuce ta, amma ta riƙe akwati ɗaya a buɗe har muka iso. Kuma Umma ce ta yi gaskiya tun farko, akwai bawan Allah a bayanta.

Yanzu duk Juma'a Salma takan kira ta bidiyo. Idon Umma ya ƙara ja baya tun dawowarmu, ko da rana sai an riƙe mata hannu. In na miƙa mata wayar sai ta kai ta kunne. Makon jiya na ce, “Umma, ai ta kallo ce, ga Inna Ladi nan a gabanki.” Ta ture hannuna, ta gyara wayar a kunnenta, ta ce, “Bar shi, ɗan nan. Nawa ya riga ya gama buɗewa.”